Bakano, Inbata Ba Ta Jin Ciniki

Alhaji Bakano, bawana na gado, ina yi maka jaje. Labarinka ya riga ka isowa Zariya. Tun daga Kwanar Dangora direbobi ke ba da shi, wai gidan gonar nan naka na bayan Kura, wanda ka cika mana kunne da shi kana cewa kai da duhu kun yi hannun riga, yanzu sai da fitilar waya ake shiga. An ce ƙanƙarar da ka riga ka lissafa ribarta har ka ware kuɗin Umara ta narke ta bi kwata, ƙwan da ke cikin injin ƙyanƙyasa ya huce, kai kuma kana tsaye gaban inbata biyu da carbi a hannu, suna kuka kana salati. Allah ya mayar da alheri. Amma tun da kai ka kawo kanka, har da dogon saƙon muryar da ka turo tsakar dare kana cewa "Malam, ku da kuka yi boko ku taimaka", to nemi wuri a ƙasa ka zauna, ubangidanka zai yi magana.

Farkon lamarin ka yi dabara, ba zan hana ka wannan ba. Wurin ko turken wuta babu, da janareta kake fama, har aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 farashi ya ninka kusan sau uku. Ka cije ka sayi farantan sola da batir da inbata ɗaya mai kVA 5 ta bolt 48, irin Axpert ɗin nan na kamfanin Voltronic na Taiwan da ake liƙa wa sunaye iri-iri a kasuwa. Ta yi maka aiki ba ƙorafi. Sai ga watan Oktoban 2024, layin Shiroro zuwa Kaduna yana lalace, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, Arewa ta yi fiye da mako a duhu, mai ƙanƙara ya zama abin nema a Kano. Bakano ya ga kuɗi. Ka ƙara firiza, ka sake ƙara firiza, ka jefa sumo a rijiyar burtsatse, baiwar Allah ta fara nishi tana rubuta 07, wato kaya sun fi ƙarfinta. Sai ka ce a ƙaro ta biyu a haɗa su, su zama kVA 10.

Har nan babu laifi. Don a haɗa su aka ƙera su, wasu samfurin har shida, wasu har tara. Laifin ya fara ne ranar da ka shiga Sabon Gari da zuciyar da kake shiga Kwari da ita, zuciyar kada kowa ya ci sisinka.

Na tambaye ka ina littafin da ya zo cikin kwali. Ka ce kwalin ka sayar, littafin kuma yara sun kai wa mai ƙosai. Injin nan yana da allo a goshinsa, yana rubuta maka ciwonsa da lamba ɓaro-ɓaro, fassarar lambobin tana shafukan ƙarshe na littafin da aka naɗe ƙosai da shi, kai kuma ka ɗauko mai tofi ya zagaye ɗakin batir da hayaƙi saboda wai maƙwabcinka mai gonar tumatir ya yi maka baki. Ba baki ba ne, Alhaji. 86 ce.

Wutar da inbata ke fitarwa ba a tsaye take ba. Hawa take yi ta sauka ta juya, sau 50 a kowace daƙiƙa, a kan bolt 230. In za a zuba wutar inji biyu cikin waya ɗaya, dole su hau tare su sauka tare, babu kusan-kusan. In ɗaya tana sama ɗaya tana ƙasa, bolt 460 ke tsakaninsu, kuma ba abin da ya raba su sai guntuwar waya mai kauri. Wutar ba firiza za ta nufa ba, cikin 'yar'uwarta za ta faɗa. Shi ya sa a haɗin nan ɗaya ce ke ba da umarni, sauran su bi. A saiti na 28 ake gaya wa kowace matsayinta: SIG in ita kaɗai ce, PAL in da abokiyar aiki, 3P1 zuwa 3P3 in wuta mai layi uku ake so. Yaron shagonka, wanda ka naɗa injiniya saboda ya taɓa gyara maka fanka, ya sa sabuwar a PAL ya bar tsohuwar a SIG, ga 86 ɗinka nan. Tsohuwa tana ganin ita kaɗai ce a gari, sabuwa tana neman wanda za ta yi wa mubaya'a. Na san ku Kanawa tun 2024 kuka gwada zama da sarki biyu a birni ɗaya, kowa da fadarsa da dogaransa, kasuwa kuma ba ta fasa ci ba, shi ya sa ka zaci ko'ina haka ake yi. Inbata ba ta da haƙurinku, ba ta kuma san hanyar kotu ba. Ka ma gode Allah da taka ta yi kuka ta tsaya, wasu hayaƙi suke yi. In an saita daidai, ɗaya za ta rubuta HS a allonta, ɗayar ta rubuta SL, su da kansu suke zaɓa ba tare da kamfe ba. Saitin kuma ba ya karɓuwa sai makunnin injin yana kashe, allon kaɗai ke da haske. Wannan ne ya sa yaron ya yi ta dannawa har ya rantse maka madannin ya lalace.

Aka gyara wannan, sai 71 ta leƙo. Ma'anarta manhajar da ke cikin ƙwaƙwalwarsu ba ɗaya ba ce. Tsohuwar ta 2023 ce, sabuwar kuwa ita ce wadda ka samo "da sauƙi" wurin wani da ya ce ragowar kwantena ce. Fenti ɗaya, suna ɗaya, kVA ɗaya, ciki daban. Ka yi ta danna madannin ƙasa har ka kai shafin da ya fara da U1, za ka ga lambar manhajar kowace. In sun saɓa, sai an sabunta su sun zama ɗaya, da kwamfuta da fayil daga hannun dillali, kuma aikin wanda ya sani ne, don in wuta ta yanke ana tsakiyar lodawa ƙwaƙwalwar tana iya tafiya ke nan. In kuwa samfurin ma daban ne, babu manhajar da za ta sasanta su, sai ka koma wurin mai kwantena, in har yanzu lambarsa tana shiga.

Sai wayoyin magana. Haɗin yana zuwa da nasa kayan: waya mai faɗin kai mai allurai 15 da suke zance ta cikinta, da wata siririya, ja da baƙa a murɗe, wadda ke raba musu kaya daidai wa daida. Ita siririyar yaronka ya ɗauka gyara ce mai shago ya yi muku, ya ɗaure ƙofar akurki da ita. Ga 72 ɗinka nan. Su kuwa 80 da 81 da 82 'yan ɗaki ɗaya ne: ta farko saƙo ba ya wucewa, ta biyu mabiyiya ta nemi shugabarta ta rasa, ta uku tafiyarsu ta daina zama ɗaya. Kafin ka zagi mutanen Sin da kakanninsu, taɓa kan wayar ka ji ko an ɗaure sukurorinta biyu. Zare ka duba alluran ko ɗaya ta lanƙwashe. Bi ta da hannu daga kai zuwa kai, don ɓeran gidan gona da ya ƙoshi da dusar kaji yana son canjin abinci. Kada a ɗaure ta jiki ɗaya da manyan wayoyin wuta, suna dagula mata saƙo, kada kuma a zare ta ko a soka ta inji yana kunne.

Duk waɗannan ƙananan alhaki ne. Babban zunubinka yana cikin hoton ɗakin batir da ka turo, wanda na buɗe a majalisar ƙofar Doka har wani dattijo ya nemi a ƙara masa girman hoton don ya gani da kyau.

Tsohuwar inbata tana rataye daidai kan batir, wayarta mai kaurin sukwaya-milimita 35, tsawonta mita ɗaya. Sabuwar tana can kusurwa bayan buhunan dusa, don ka ƙi yarda a biya 'yan dako su matsar da buhunan, tazarar mita huɗu, an ja mata waya mai kaurin 16 da ka saya a rabin kuɗi kana murna ka cuci mai shago. To ɗauko kalkuletar nan taka da lambobinta suka goge saboda lissafin riba. Inbata mai kilowat 5 a kan bolt 48 tana jan amfiya sama da 100 in kaya ya cika mata. A wayar jan ƙarfe mai kaurin 35, zuwa da dawowa mita 2, abin da ke zubewa a hanya bolt 0.1 ne kacal. A mai kaurin 16, zuwa da dawowa mita 8, ya kusa bolt 0.9. Wannan fa in jan ƙarfen gaskiya ne. Taka, ɗauki wuƙa ka kankare sili ɗaya. Ja a waje, fari a ciki. Alminiyam ce aka yi wa wankan jan ƙarfe, kuma tana tare wuta fiye da jan ƙarfe da kusan kashi 60 cikin 100, don haka asararka ta kai bolt 1.4. Abin da ya ɓata a hanya ba sama yake tashi ba, zafi yake zama, wat 140 a cikin roba, a bayan buhun dusa, a watan Afrilu. Ɗora hannunka a kanta da rana tsaka lokacin da sumo ke aiki, ka gaya mini wa aka cuta tsakaninka da mai shago.

Sakamakon shi ne batir ɗaya, labari biyu. Tsohuwa tana karanta 50, sabuwa tana karanta 48 da ɗoriya. Ko dai su rubuta 83 su tsaya, ko sabuwar ta fara kukan batir ya yi ƙasa alhali yana da sauran ƙarfinsa, ta ja 'yar'uwarta su kwanta tare. Gane wannan ba ya buƙatar digiri daga Samaru. Kashe kaya duka, cire sola da janareta, ka karanta abin da kowace ta ce game da batir, ka kuma gwada da mita a bakin kowace. Sannan ka mayar da kaya ka sake karantawa. In babu kaya bakinsu ɗaya, da kaya suka rabu, waya ce ko noti bai ɗauru ba. In babu kaya ma sun saɓa alhali mita ta ce wutar ɗaya ce, ma'aunin cikin ɗayarsu ne ya kauce, a kira mai saiti.

Maganin zai yi maka ciwo. Sandunan jan ƙarfe biyu ake kafawa, masu aikin suna ce musu basba, ɗaya na ja ɗaya na baƙa. Batir ya zo nan ya sauke, kowace inbata ta ɗiba daga nan da waya iri ɗaya, kauri ɗaya, tsawo ɗaya. Ko da ɗayar tana manne da basba, sai an yanka mata tsawon da aka yanka wa ta nesa, a bar rarar tana lilo. Na san abin da wannan zai yi wa zuciyar Bakano, waya ta kuɗi tana zaune ba ta aikin komai a ganinsa, amma haka za ka haɗiye. Ba a ɗora ta biyu daga bakin ta farko. Kowace da nata fis ko bireka a wayar ja, na wutar batir, ba irin na ɗakin amarya ba. Bakin waya kuma da abin matsewa ake matse shi, ba a kwantar da shi kan dutse a bi da guduma.

A saƙonka na biyu ka kawo shawara, wai tun da ba sa jituwa a kan batir ɗaya, a saya wa sabuwar tsofaffin batura huɗu na ruwa daga wani abokinka da zai tashi daga gida, kowace ta ci gashin kanta. Kul. Inbatocin da aka haɗa bakin fitarsu dole rumbun batir ɗaya za su sha, sharaɗi ne ba shawara ba.

Tun da mun zo kan batir, bari in tambaye ka abin da ya kamata ka tambayi kanka kafin ka fita daga gida. Ka ƙara inbata, me ka ƙara mata ta ci? Inbata ba ta haifar da wuta, juya ta kawai take yi. Batirinka ɗaya ne, na litiyam, bolt 51.2, amfiya-awa 100, wato kilowat-awa 5.12. A cikinsa akwai mai gadi da ake kira BMS, wanda a yawancin masu wannan girman ba ya barin abin da ya wuce amfiya 100 ya fita. Inji biyu in sun cika ciki suna neman sama da 200. Littattafan irin waɗannan injuna suna so a tanadi amfiya-awa 200 ga kowace, 400 ke nan ga biyu, kai kana da rubu'i. Ga alamar da za ka riƙe: in wuta ta ɗauke inbata tana kuka da lamba a goshi, ita ce ta tsaya. In kuwa komai ya mutu ɗif, allon ma baƙi ƙirin, babu lamba babu kuka, to mai gadin batir ne ya rufe ƙofa, kuma gaskiyarsa ce. Injin firiza da na sumo, a daƙiƙar da suke tashi, suna jan ninki biyar zuwa bakwai na abin da aka rubuta a jikinsu. Wuta ta ɗauke, ka ruga ka kunna, firizojin nan duka su yunƙura lokaci guda tare da sumo, mai gadi ya sake rufewa, kai kuma ka sake kiran mai tofi. Kashe su a soket, ka tayar da su ɗaya bayan ɗaya, ka bar 'yan mintoci a tsakani. Caji ma haɗuwa yake yi. Kowace ka bar ta a kan amfiya 60, batir 120 yake karɓa, ko yana so ko ba ya so. Wayar da batir ke magana da inji ta cikinta kuwa ɗaya kawai ake soka wa, ita ake gaya wa sunan batirin a saiti na 5, ɗayar a bar ta a USE.

Na san me kake shirin cewa, ina jin ka tun daga nan. Za ka ce mu Zage-zagi da duk jami'armu ta 1962 da kwalejin tuƙin jirgin sama, har yau 'yan ga-ruwa ke shayar da mu. An ji. Amma mu in famfo ya ƙafe mun san ya ƙafe, ba ma cewa maƙwabci ne ya yi masa baki. Kuma ku ne masu cewa ko da me ka zo an fi ka, to ga mu mun zo da littafi, fito da naka.

Ɓangaren wutar da ke fita shi ma ƙa'idarsa ɗaya, waya iri ɗaya tsawo ɗaya daga kowace zuwa inda suka haɗu. In ba haka ba ɗaya za ta ɗauki kaya fiye da ɗaya, ta fi zafi, fankarta ta fi ihu, a ƙarshe 85 ta fito. Mitar nan mai baki da ake maƙala wa waya za ta nuna maka cikin minti ɗaya: maƙala a layif ɗin wannan, maƙala a na waccan, in ɗaya tana ba da amfiya 14 ɗaya tana ba da 8, ka san inda za ka duba. Wani abin mamaki, kamfanin Victron na ƙasar Holan yana gargaɗin masu haɗa nasa injunan kada su zuba waya mai kaurin da ya wuce kima a wannan ɓangaren, don ɗan tarewar da waya ke yi wa wuta yana taimakawa kayan su rabu daidai. Na yi jinkirin gaya maka wannan, don na san kunnen Bakano abu ɗaya zai ji a ciki, wai Turawa ma sun ce a sayi siririya. Ba haka suka ce ba, kuma ba wayar batir suke nufi ba.

Yanzu ajiye dariya, Alhaji, a nan ba wasa nake ba. In ka ga 60, wuta ce ke komawa cikin injin ta baya, kuma sau da yawa layif da nutiral ne aka juya a bakin ɗaya daga cikinsu. Wanda zai duba ya sani cewa a haɗin nan kashe inbata ɗaya ba ya kashe bakinta, 'yar'uwarta tana nan tana turo bolt 230 ta wayar da suka haɗa. Shi ya sa kowace take buƙatar birekarta a wajen fita. A kashe duka, a cire sola, a cire batir, a jira aƙalla minti biyar don akwai abubuwan da ke riƙe wuta a ciki bayan an kashe, sannan a gwada da mita kafin hannu ya taɓa. Irin masu ɗaukar bolt 450 zuwa 500 daga farantai, wutar da ke saukowa daga rufi da rana ta isa ta kashe mutum, kuma tartsatsinta in ya kama ba ya mutuwa da kansa. Zoben azurfar nan naka mai jan dutse da agogon Makka, a tuɓe su a ƙofa. Sufana ɗaya ta faɗa tsakanin basba biyu, narkewa za ta yi a hannun mai riƙe da ita. Ina so in ci gaba da zolayarka shekaru masu yawa, kuma yaron nan ɗan mutane ne, ka nemo wanda aikinsa ke nan ka biya shi.

Sauran ba su da tsawo. Farantai kowace da nata jerin, ba a raba jeri ɗaya gida biyu a ce su yi haƙuri da juna. Janareta in za a ba su, a ba su tare daga bireka ɗaya, in ba haka ba za ka ga 84, ko 82 ta leƙo ta koma. Ƙaramin janaretan nan naka da ke tari yana hawa yana sauka, kada ka yi mamaki in sun ƙi karɓar wutarsa. A rataye su kai ɗaya, a bar musu kamar santimita 20 a gefe da 50 sama da ƙasa su sha iska. Ɗakin kwano marar taga a bazarar Kano, ga ƙurar hunturu da ta toshe raga, ga zanzaro ya yi gini a bakin fanka, 01 da 02 ke nan, fanka ta tsaya, inji ya yi zafi.

In lambobi suka yi maka yawa har ka rasa ta kamawa, raba su. Cire wayoyin magana, raba bakin fitarsu, mayar da ɗaya SIG ka ba ta kaya daidai ƙarfinta ta yini, sannan ka yi wa ɗayar haka. In kowace ta yi lafiya ita kaɗai, injunan ba su da laifi, abin da ka sa a tsakaninsu ne. In ɗaya ta faɗi ita kaɗai, ka sami mai ciwon. Abu ɗaya ake canzawa a gwada, ba a kwance komai lokaci guda a zauna ana kallon tarin sukurori. Wajen mayarwa kuma akwai tsari: birekun kaya a sauke, nutiral ɗinsu a haɗe, a sa kowace a PAL, a kashe duka, a kunna, a ga HS da SL da ido, a ba su janareta in akwai, sai a ƙarshe a ɗaga na kaya.

Ni kuwa in ka bi ta tawa, tun farko ba ka buƙatar haɗin nan. Ana haɗa inbata ne in akwai kaya guda da ya fi ƙarfin ɗaya, ko yunƙurin tashinsa ya fi ƙarfinta. Kai ba ka da irinsa, tarin ƙanana gare ka. Da ka ba ɗaya firizoji, ka ba ɗaya sumo da injin ƙyanƙyasa da fitilu, kowace da layinta, bakin fitarsu bai haɗu ba, da babu 71 babu 80 babu 86, kuma ranar da ɗaya ta kwanta ɗayar tana tsaye, ko ƙanƙara ta tsira ko ƙwai. Sumo ya yi aikinsa da rana ya cika tanki lokacin da farantai ke ba da wuta kyauta, kalmar da na san tana sanyaya maka rai. Ka kuma sani kowace irin waɗannan tana cin kusan wat 50 ko fiye tana zaune ba ta ɗauke da komai. Biyu a daren awa 12 sun cinye kilowat-awa 1.2, kusan rubu'in batirinka, kafin firiza ɗaya ta yi motsi. Amma ina, so kake ka zauna a majalisar Kwari ka gyara babbar riga ka ce "ai ni kVA goma gare ni a gona."

Zan zo, don bawa in ya shiga uku ubangidansa ake kira, kuma zan taho da mai aikin da ya san hannunsa. Kuɗin motarsa da na aikinsa a kanka, babu ragi, babu "albarka", babu "bari in ji daga wani shagon." Ni nawa ladan gurasa ce bandashe da tsire, da kuɗin sharar da kake ta kauce wa duk watan Cika-ciki kana cewa kasuwa ba ta ci. Kafin nan kada wanda ya kunna komai, a kwashe buhunan dusa daga ɗakin, a sayo mita shida na waya mai kaurin 35, rabi ja rabi baƙa, don sabuwar ma kusa da batir za ta dawo. Ka sa a kankare bakinta a gaban mai shago, ka turo mini hoton bakin da na rasit a tare, don na san halinka.